ITATUWAN TARE ISKA A GONAR AUDUGA: WANNE ZA KA SHUKA?

Ya kai manomin auduga, ka san aikin iskar farkon damina. Ka yi shuka, auduga ta tsiro da ganye bibbiyu. Sai hadari ya haɗu a gabas, iska ta riga ruwa isowa, ta kwaso rairayi ta yi ta bugun tsiron. Gari na wayewa ka tarar wani ya ƙone kamar an bi shi da wuta, wani kuwa ƙasa ta binne shi. Tilas ka sake shuka, ga shi kuwa audugar da aka shuka a makare ba ta kamo wadda aka shuka da wuri.

Da kaka kuma iskar hunturu takan zuba ƙura da busasshen ganye cikin audugar da ta buɗe, a kasuwa a mayar da ita lamba biyu. Bayan ka tuge karan auduga ka ƙone, gona tana nan fili fetal har damina, iska tana ta kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai ƙarfi.

Maganin wannan shi ne layin itatuwa a bakin gona. Kowa yana son itace mai saurin girma, amma sauri kan haifi nawa. Akwai itacen da zai tare maka iska cikin shekara uku, sa'an nan ya shanye ruwan gonarka. Saboda haka karanta wannan takarda kafin ka zaɓa.

YADDA LAYIN ITATUWA KE AIKI

Layi yana kare ƙasar da ke bayansa har wajen ninki goma na tsawon itacen. Watau in itatuwan sun kai mita 10, za su kare wajen mita 100 na gona. Iskar hadari daga gabas take zuwa, ta hunturu daga arewa maso gabas. Don haka ka ja layinka daga arewa zuwa kudu, a gefen gabas na gonar.

Kada layin ya toshe ƙam kamar katanga. Iskar da ta bugi katanga takan haye ta faɗo da ƙarfi a bayanta. Layi mai kyau kamar rariya yake: iska tana ratsawa, amma ƙarfinta ya karye. Kada kuma ka bar giɓi, gama iska takan matsu cikin giɓi ta fito da ƙarfin da ya fi na da.

ABIN DA AKA GANI A KWARIN MAJIYA

Kwarin Majiya, wajen Buza cikin jihar Tawa a Nijar, ƙasar hatsi ce da auduga, iska kuwa ta daɗe tana cin ƙasarta. A 1975 malaman daji da ƙungiyar CARE da mutanen ƙauyuka suka fara dasa dogonyaro, wanda wasu ke kira bedi ko maina. Jeri biyu suka yi a kowane layi, mita 4 tsakanin itace da itace, mita 100 tsakanin layi da layi. Kafin 1990 tsawon layukan duka ya wuce kilomita 400. Da aka auna, sai aka ga geron da ke bayan layukan ya fi na fili da wajen kashi ɗaya cikin biyar.

An kuma koyi abu biyu. Na ɗaya, dogonyaro in ya girma gindinsa yakan zama fili, iska ta bi ta ƙarƙashi. Shi ya sa daga baya aka riƙa haɗa shi da bagaruwa. Na biyu, sai da aka sa masu gadi su kore dabbobi tun dashen yana ƙarami. To, ka riƙe wannan: dogon itace shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da gajere mai rassa har ƙasa.

DOGAYEN ITATUWA

Dogonyaro. Asalinsa daga ƙasar Indiya. Yana da saurin girma, yana jure fari, yana riƙe ganye da rani lokacin da iska ta fi ɓarna. Gara ba ta cika cin itacensa ba, saboda haka yana da kyau wajen rufin ɗaki. Aibinsa biyu ne: ba ya son wurin da ruwa ke kwanciya, kuma saiwarsa da inuwarsa suna rage amfanin kunyoyin da ke kusa da shi. Irinsa ba ya ajiyuwa. Ka shuka shi cikin 'yan makonni bayan ya nuna.

Bagaruwa. Ita ce ta ƙasar laka da fadama, ko ruwa ya kwanta kwana da kwanaki ba ta mutuwa. Ƙayarta tana hana dabbobi ratsawa, majema kuma suna sayen 'ya'yanta. Ƙwayar irinta tana da tauri. Ka zuba mata ruwan zafi ka bar ta ta kwana a ciki kafin ka shuka.

Itacen turare. Ya fi su duka sauri, yana ba da dogayen sanduna miƙaƙƙu. Amma mashayin ruwa ne ƙwarai, amfanin gona ba ya yin kyau a gindinsa. Ka kai shi bakin hanya ko wani fili dabam, nesa da auduga, nesa da rijiya.

Zogale. Cikin shekara guda yakan wuce tsayin mutum biyu, ga ganyen ci. Amma itacensa ba ƙwari, iska mai ƙarfi tana karya shi, da rani kuma yakan kaɗe ganye. Na gida ne da lambu.

GAJERUN ITATUWA NA TOSHE ƘASA

Aguwa. Reshe kurum ake yankowa a dasa, dabbobi ba sa cinta, kuma ta fi kowa riƙe rairayi. Ka dasa ta da bazara kafin ruwa ya sauka, gama in ƙasa ta jiƙe sosai reshen yakan ruɓe. Ka kiyaye idonka da farin ruwanta.

Dashi. Shi ma reshe ake kafawa da bazara. Yana da ƙaya, yana yin shinge mai ƙarfi in an dasa shi kusa da kusa.

Bi-ni-da-zugu. Yana kamawa da wuri, awaki ba sa taɓa shi. 'Ya'yansa dafi ne, ka gargaɗi yara.

Magarya. Ƙayarta tana tsare gona, ga 'ya'ya, ga ganyen awaki. Sai dai ana yi mata aski kullum shekara, in ba haka ba ta bazu cikin gona.

Gamba. Ciyawa ce, amma jeri guda nata a gaban dashe yana tare rairayi tun shekarar fari, kafin itatuwa su tashi. Da kaka ka yanka ka yi zana.

WAƊANDA BA SU DACE DA GONAR AUDUGA BA

Kada ka yi layi da kuka, ko rimi, ko kukkuki. Dangin auduga ne, kuma jan ƙwaron nan mai tsotsar ƙwayar auduga yana ɓata farinta, a kan 'ya'yansu yake rayuwa da rani. Haka nan kada ka yi shinge da rama ko kuɓewa ka bar su tsaye bayan kaka.

Akwai kuma wani baƙon itace mai ƙaya wanda malaman daji ke kira firosofis. Yana da sauri ƙwarai, amma dabbobi suna cin 'ya'yansa su baza irin cikin kashinsu. A bakin Tafkin Cadi ya cinye gonaki da hanyoyin ruwa. Kada ka kawo shi fadamarka.

GAWO FA?

Gawo ba na layi ba ne, na tsakiyar gona ne. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa auduga inuwa, ganyen kuwa taki ne. Ba shi da sauri, amma in ka ga ya tsiro da kansa, kada garma ta taɓa shi. Ka zaɓi reshe guda mai ƙarfi ka sassabe sauran. A arewacin Kamaru, tun shekarun 1990, kamfanin auduga na Sodecoton ya ƙarfafa wa manoma gwiwa su riƙa yin haka, gawo kuwa ya yawaita a gonakinsu.

GA YADDA ZA KA YI

1. Ka fara shawara da maƙwabcinka da mai gari. Inuwa da saiwa ba su san iyaka ba, kuma layin da ya ratsa gonaki da yawa ya fi gajere amfani.
2. Ka dubi ƙasarka. In jigawa ce, dogonyaro da aguwa. In laka ce mai riƙe ruwa, bagaruwa.
3. Ka nemi dashe wurin malamin daji, ko ka rena naka cikin leda wata uku ko huɗu kafin damina.
4. Ka haƙa ramuka tun da bazara. Ka dasa in damina ta zauna, da yamma, bayan ruwa mai yawa. Ka cire ledar.
5. Gajeren itace a gefen iska, dogo a bayansa. Itatuwan jeri na biyu su tsaya daidai tsakanin na jeri na fari.
6. Ka bar taki huɗu ko biyar tsakanin layi da kunyar auduga ta fari.
7. Ka nome gindinsu, ka kewaye su da ƙaya, ka tsare su daga wutar daji. Wanda ya mutu ka maye gurbinsa a damina mai zuwa.
8. In dogonyaro ya girma ya fara danne amfani, ka datse kansa sama da tsayin mutum, inda awaki da shanu ba za su kai ga sabon toho ba. Jeri guda za ka datse, ka bar ɗayan yana tare iska har wannan ya tofo.

SHINGEN GIDA

Darni da zana kullum shekara sai an sake su, gara ta ci, iska ta kayar. In ka kafa dashi kusa da kusa, ka sa zogale da lalle daga ciki, za ka sami shinge mai rai wanda zai suturta iyalinka, ga ganyen ci, ga lallen mata. Lalle yana son ban ruwa, ruwan wanke-wanke ya ishe shi. Dogonyaro kuwa ka ba shi tazara daga katanga da rumbu saboda saiwarsa.

Layin itatuwa zai ci maka 'yan kunyoyi a bakin gona, wannan gaskiya ne. Amma shi zai tsare sauran, ya ba ka itacen wuta da na gini, ya bar wa 'ya'yanka ƙasa mai rai. Je ka ga malamin gona tun yanzu ku auna gefen gabas na gonarka, don ramuka su kasance a shirye kafin ruwan fari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.