Yadda tsohuwar kwamfuta ta adana mana karatun Malam

Wata safiya a cikin watan Sha'aban, wata ɗalibata 'yar aji biyar ta same ni a ƙofar aji fuskarta a murtuke. Ta ce jiya kakanta ya yi kuskure a Fatiha da yake jan su sallar Magariba a gida, ta gyara masa bayan sallama, uwarta ta kai mata mari. Na ce wane kuskure? Ta ce a ayar nan ta ranar sakamako bai ja harafin mimun ba, alhali duk ƙura'an da take saurare a wayar yayanta suna ja.

Tsohon bai yi kuskure ba. Ruwayar Warsh ya karanta, wadda Imamu Warsh ya karɓo daga Imamu Nafi'u na Madina, kuma ita ce iyayenmu da kakanninmu suka rubuta a allo tun daga Kano da Katsina har Salaga da nan Kumasi. Yarinyar kuwa ruwayar Hafs ce ta cika mata kunne, domin ita ce a yawancin kaset da wayoyi da Alƙur'anan da alhazai ke kawowa tsaraba. Duka biyun sahihai ne. Amma na lura cewa yaran zangonmu sun kusa daina jin ta farkon, kuma masu karanta ta da tsohuwar muryar nan ta makarantar allo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya haura shekara tamanin, kowa Malam yake ce masa, shi ya biya wa mahaifina karatu. Na je na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ina neman izini in ɗauki karatunka saboda yara." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ticha, na yarda, amma da sharaɗi. Kada a kunna shi a inda ake hira da dariya." Na amsa.

Da waya na fara, kamar yadda kowa zai yi. Ranar farko kira ya shigo a tsakiyar sura. Rana ta biyu waya ta ce ta cika. Abin da ya fi damuna shi ne, da na saurara sai na ji tana cinye ƙarshen murya, wurin da Malam ke sassautawa a gunna ko a ƙarshen madda, kamar ta ɗauka hayaniya ce take share mini. A hira wannan ba komai ba ne. A karatun Alƙur'ani kuwa a nan darasin yake.

Sai na tuna da wata tsohuwar kwamfutar cinya da ke kulle a kabad ɗin makaranta. Duk wanda ya koyar da darasin kwamfuta a Ghana ya san halin da muke ciki. Ba a manta hoton da ya zagaya duniya a 2018 ba, na malam Richard Appiah Akoto yana zana fuskar Microsoft Word a allo da alli, a nan yankin Ashanti, don ɗalibansa ba su da na'urar da za su gani. Mu muna da guda ɗaya, amma ta tsufa har idan ka buɗe manhajar gyaran sauti mai hotuna sai ta sandare. Wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare ya sa mata Linux, ya nuna mini wata baƙar taga da ake kira taminal, ya ce a nan zan yi aikin. Babu maɓallin ja, babu abin dannawa da linzami. Rubuta umarni kake yi, ka danna Enter, na'ura ta aikata.

Da farko na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma umarnin da ake bukata ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A Linux, ɓangaren da ke kula da sauti sunansa ALSA, wanda wani ɗan ƙasar Cek, Jaroslav Kysela, ya fara a 1998. Yana zuwa da ƙananan kayan aiki biyu, arecord na ɗauka da aplay na kunnawa. Idan ka rubuta arecord -l sai ya jero maka makirfon da kwamfutar ke gani, kowanne da lambarsa. Na sayi ƙaramin makirfo mai shiga ramin USB a Adum, ya fito a lamba ɗaya.

Gwajin farko ya ba ni kunya. Na rubuta arecord gwaji.wav kawai, na sa Malam ya karanta ayoyi kaɗan, na kunna masa da aplay gwaji.wav. Ya karkata kai ya ce, "Wannan wa ye yake karatu daga cikin rijiya?" Dalili shi ne, idan ba ka faɗa masa komai ba, arecord yana ɗauka ne a kan 8,000, wato yana auna sautin sau 8,000 a kowace daƙiƙa, irin na tsohon tarho. Ƙa'idar kuwa ita ce na'ura ba ta iya kama sautin da kaifinsa ya wuce rabin wannan adadi. Rabin 8,000 shi ne 4,000, alhali shesshekar da ke cikin sinun da sadun da shinun mafi yawanta tana sama da haka. Shi ya sa haruffan suka haɗe suka zama abu ɗaya. Faifan CD yana auna sau 44,100, don haka na koma ga wannan:

arecord -D plughw:1,0 -f S16_LE -r 44100 -c 1 -V mono karatu.wav

Kada tsawonsa ya firgita mai karatu. Kashi na farko yana cewa a yi amfani da makirfo mai lamba ɗaya, na biyu da na uku suna faɗin ingancin ɗauka, -c 1 yana nufin layin sauti guda tunda mutum ɗaya ne ke magana, -V mono kuma yana fito da ɗan ma'auni mai motsi da ke nuna ƙarfin murya. Idan ma'aunin yana kai wa ƙarshe, a ja makirfo baya kaɗan, don muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. In an gama sai a danna Ctrl da C tare. Wanda ya ɗauka ya ji shiru tsit, ya buɗe alsamixer ya danna F4, sau da yawa ƙofar makirfon ce a rufe. Na yi asarar yamma guda kafin in gane wannan.

Da Malam ya ji na biyun sai ya yi murmushi ya ce, "To, yanzu ni ne."

Muka shiga aiki, bayan La'asar, kwana uku a mako. Ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Wata Alhamis bayan an gama karatu, Malam ya saki jiki, na bar na'ura tana tafiya. Ya lissafo malaman da ya yi karatu a wurinsu da waɗanda su ma suka karɓa daga gare su, ya ba da labarin yadda kakansa ya zo da ayarin fataken goro, sannan ya rera wasu baitoci da ya ce na Alhaji Umaru na Karaki ne, babban malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934. Kusan minti hamsin. Na koma gida ina murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Ranar Asabar na zauna zan fara sabuwar ɗauka. A taminal, idan ka danna kibiyar sama, umarnin da ka rubuta a baya yana dawowa. Na danna, na buga Enter, ban canza sunan fayil ba. Layin umarni ba ya tambayar ka ko ka tabbata. Ka ce a rubuta a karatu.wav, an rubuta, abin da ke ciki ya tafi. Sai bayan minti biyu na ankara, jikina ya yi sanyi. Laifina ne, ba na kowa ba, domin ban kwafe shi a wani wuri ba.

Na faɗa wa Malam gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, abin da ya zo wa mutum jiya ba lallai ya zo masa yau ba." Ya sake lissafo malaman, a taƙaice. Baitocin kuwa ya fara ya tsaya a na uku, ya ce sauran sun ɓuya. Na sake tambaya sau biyu a wasu ranaku, ba su dawo ba, na bari don kada in takura masa.

Tun daga ranar ba na ba fayil suna da hannuna. Ina ƙara --use-strftime in rubuta sunan haka, %Y-%m-%d-%H%M.wav, sai na'ura ta cike shekara da wata da rana da lokaci da kanta, sunaye biyu ba za su haɗu ba sai in an fara ɗauka biyu a cikin minti ɗaya. Ina kuma ƙara --max-file-time 600, wanda ke rufe fayil ya buɗe sabo duk minti goma. Batirin kwamfutar ya gaji, kuma mu da muka sha dumsor a 2015 ba a koya mana tsoron ɗaukewar wuta. In ta ɗauke yanzu, abin da zai lalace ba zai wuce na minti goman ƙarshe ba. Kafin in tashi daga tabarmar Malam kuma sai na kwafe komai a filas.

Sauran aikin a gida nake yi da wata manhaja mai suna SoX, wadda ta girme ni a harkar nan nesa ba kusa ba, tun 1991 take. Da ita nake yanke kowace sura daban, misali sox asali.wav sura.wav trim 30 95 yana tsallake daƙiƙa talatin ya ɗebo casa'in da biyar. A aji kuwa abin da ya fi mini amfani shi ne play sura.wav tempo 0.85 repeat 4, wanda ke rage saurin karatu ba tare da muryar ta yi kauri ba, ya kuma maimaita sau huɗu bayan na farko. Ban yi amfani da shi ba sai da na kai wa Malam ya saurara, tunda karatunsa ne. Ya ce maddojin sun ƙaru daidai da juna, babu laifi ga mai koyo, amma kada in raba wa mutane wannan a matsayin karatunsa. SoX tana iya rage hayaniya ma, na gwada, sai na ji ta fara yin abin da waya ta yi mini. Na bar hayaniyar. A Suratul Mulk akwai carar zakara sau biyu da muryar mai tallan koko, suna nan yadda suke.

Maganar nauyi ita ce ta ƙarshe. Minti ɗaya na irin wannan ɗauka yana cin kusan megabait biyar, awa ɗaya ta haura ɗari uku. Ba uwar da za ta ƙona kuɗin data a kan haka. Don haka asalin yana zaune a filas biyu, ɗaya a wurina ɗaya a wurin babban ɗan Malam, na rabawa kuma ina matse shi da ffmpeg:

ffmpeg -i sura.wav -c:a libopus -b:a 24k sura.ogg

Karatun minti goma da ya kai megabait 53 sai ya dawo ƙasa da biyu, ya shiga WhatsApp cikin sauƙi. Duk wanda na tura wa, ina haɗa masa da sharaɗin Malam a rubuce.

Yanzu muna da izu tara daga ƙasa. Malam yana gajiya da wuri, wani lokaci shafi ɗaya muke yi a tashi. Ɗalibar nan tawa ita ce ke rubuta umarnin kunnawa a aji ranar Litinin, ta haddace shi fiye da ni. Makon jiya ta ce kakanta ya ji Fatihar a wayar uwarta, ya tambaya ko muryar wane ce, da aka faɗa masa sai ya ce tare suka yi makarantar allo, a sake kunna masa.