Daga Hubbare Zuwa Gulbin Rima: Ko Za Mu Iya Da Canjin Yanayi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni. Bayan haka:

Duk wanda ya ziyarci Hubbare, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance tun rasuwarsa a 1817, in ya fito ya nufi arewa ba zai yi nisa ba sai ya iske fadamar Gulbin Rima. Gulbin nan shi ne shaidarmu a kan abin da ake kira canjin yanayi.

A farin 1972 zuwa 1974, da kuma na 1984, ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a gona, dabbobi suka yi ta mutuwa. A daminar 2010 kuwa, gulbin ya yi ambaliya, ya ci ƙauyuka da gonaki, har ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Masana sun tabbatar da cewa hayaƙin man fetur da na kwal, da saran itatuwa, suna ƙara wa duniya zafi, kuma da ƙaruwar zafi fari da ambaliya suke tsananta. To, shin ɗan Adam zai iya jurewa?

Amsarmu ita ce zai iya, da yardar Allah, amma bisa sharaɗi. Dabara dai ba baƙuwarmu ba ce. Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya gina garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya zaunar da makiyaya, ya ƙarfafa noma. A zamaninmu kuma madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo sun ba manomi damar noman rani, ya sami shinkafa da albasa ko da damina ta gaza.

Sai dai dabara ba ta isa in babu amana. Mu tuna Shekarar Toka, 18 bayan Hijira, lokacin da yunwa ta afka wa Madina. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi roƙon ruwa, kuma bai tsaya nan ba: ya aika wa Amru ɗan Asi ya turo abinci, shi kansa kuma ya ƙaurace wa nama da man shanu har jama'a suka sami sauƙi.

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa, wanda ya ɓoye hatsi a sito yana jiran ya yi tsada, ya sani yana taimakon fari a kan talaka. Ya ku ma'aikata, kuɗin taki da na dashen itatuwa da na yashe magudanun ruwa amana ne a wuyanku. Mai hali yana iya ƙaura ko ya sayi abinci ko nawa yake. Manomin bakin gulbi ba shi da inda za shi. In ya tsira, mun tsira. In muka bar shi, ba mu jure wa kome ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu riƙe amana. Amin.