Hattara Da Dogon Gudu A Lokacin Gumi

Duk wanda ya bi hanyar Kwanar Ɗangora ko ta Tudun Wada da sassafe, ba zai rasa ganin samari suna gudu a gefen titi ba. Wasu 'yan ƙwallo ne, wasu kuma suna shirin neman aikin soja ko na ɗan sanda. Akwai kuma masu sha'awar tattaki. Masu karatu za su tuna da Suleiman Hashimu, ɗan asalin Jihar Katsina, wanda ya tako da ƙafa daga Legas har Abuja cikin kwana 18 a watan Afrilu na shekarar 2015, don murnar nasarar Muhammadu Buhari a zaɓe. Bayansa samari da yawa sun ɗaura takalmi sun kama hanya.

A wasu ƙasashe wannan abu wasa ne mai zaman kansa. Gudun fanfalaki da aka sani tsawonsa kilomita 42 ne da 'yan kai, wato kusan nisan Kano zuwa Bebeji. To, akwai wanda ya fi shi, shi ne fanfalaki mai dogon zango. Wani kilomita 50 ne, wani 100, wani mil 100, wato kilomita 161, ya zarce nisan Kano zuwa Zariya ke nan. A Afirka ta Kudu tun shekarar 1921 ake yin tseren Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, kuma dole mutum ya gama cikin awa 12. A Maroko akwai wanda aka fara a 1986, ana ratsa hamada kusan kilomita 250 cikin mako guda, kowa ɗauke da guzurinsa a baya.

Mu dai doguwar tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a shekarar 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro. Ayarinsu kan yi watanni a hanya kafin a kai Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu. Amma a lura da yadda suke yi. Galibi da rani suke tafiya. Madugu kan ta da ayari da sammako, kafin rana ta take an sauka a zango, an sauke wa jakuna kaya. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne. Sun san abin da rana take yi wa mai tafiya, shi ya sa ba su yi jayayya da ita ba.

Randa Da Jikin Mutum

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba ranar da ta fi ƙuna ce kaɗai mai haɗari ba. A ƙasar Kano watan Afrilu ya fi kowane wata zafi, ma'auni yakan kai digiri 40 har ya wuce. Kowa yana tsoron wannan rana, kowa yana neman inuwa. Wadda take yaudarar mutane ita ce ranar gumi, irin ta watan Mayu da Yuni lokacin da hadari yake haɗuwa bai zubo ba, da kuma bayan an ɗauke ruwa rana ta buɗe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sama da gajimare, iska ta tsaya cik, mutum yana zaune ma riga tana manne masa. Mutanen Doguwa da Tudun Wada sun fi kowa sanin wannan yanayi a jihar nan, domin wajen Riruwai da dajin Falgore sun fi samun ruwan sama da laima.

Don a gane dalili, a dubi randa. Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Saboda ƙasar da aka gina ta da ita tana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi. Wannan bushewar ita ce take janye zafi daga cikin randar. Da hunturu ruwan randa har haƙori yake kamawa. Da marka kuwa, kowace uwargida ta san ruwan ba ya yin sanyi sosai, kamar yadda wanki yake wuni a igiya bai bushe ba. Iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar wani. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Ita ma wannan tukunya a busasshiyar iska take aiki da kyau.

Jikin ɗan Adam randa ne. Zafinsa na lafiya digiri 37 ne. Idan mutum yana gudu ko yana noma, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da naman jikinsa yake ƙonawa zafi yake zama, kamar injin niƙa da ya daɗe yana aiki. Babbar hanyar fitar da wannan zafi ita ce zufa. Amma fa zufar da ta bushe a kan fata ita ce take sanyaya jiki. Wadda ta tsiyaye ta ɗiga ƙasa, ko ta jiƙa riga sharkaf, asara ce kawai: ruwan jiki ya tafi, zafi yana nan. Shi ya sa a ranar gumi mutum zai ga yana ta zuba zufa, ya ɗauka jikinsa yana hucewa, alhali ciki yana ƙara ɗaukar wuta.

Zuciya ma tana shiga tsaka mai wuya. Jini ɗaya ne, ana nemansa a wuri biyu. Ƙafafu suna nema don su yi aiki, fata tana nema don a kai mata zafi ta fitar. Ga shi kuma jinin yana raguwa saboda zufa. Sai bugun zuciya ya ƙaru, gudun da mutum ya saba yi cikin sauƙi ya gagare shi.

Kada wani ya ce wannan matsalar marasa horo ce. A ranar 27 ga Satumba, 2019, an yi gasar fanfalaki ta mata ta duniya a Doha, babban birnin Katar. Saboda tsoron rana, sai da tsakar dare aka fara. Duk da haka zafi ya kai wajen digiri 32, laimar iska ta haura kashi 70 cikin 100. Mata 68 suka tashi, zaɓaɓɓu daga ƙasashensu, amma 28 ba su kai ƙarshe ba, wasu a keken marasa lafiya aka fitar da su. 'Yar Kenya da ta zo ta ɗaya ta gama cikin awa 2 da minti 32, alhali a farkon shekarar ta yi wannan nisa cikin awa 2 da minti 17 a Dubai. Babu rana ko kaɗan a daren, laima ce ta yi wannan aiki. Bayan haka ne aka ɗauke gudun fanfalaki na wasannin Olamfik daga Tokyo aka kai shi Sapporo da ke arewacin Japan, inda aka yi shi a 2021.

Maganar Ruwa Da Gishiri

Mai gudu a cikin gumi yakan zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Kowa zai iya gane nasa. A hau sikeli kafin a fita, a sake hawa bayan an dawo. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita. Fitsari ma yana ba da labari: idan ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki yana neman ruwa.

Sai dai a nan akwai wani tarko. Yawan shan ruwa fiye da kima shi ma yana kisa. Zufa da gishiri take fita, shi ya sa ake ganin fari-fari a rigar manomi idan ta bushe. Idan mutum ya wuni yana zufa yana ɗura wa cikinsa ruwa zalla, ko yana jin ƙishirwa ko ba ya ji, gishirin jininsa sai ya tsarke. Daga nan sai ciwon kai, amai, kumburin yatsu, rikicewa, har farfaɗiya. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwo a 1985 a jikin masu dogon tsere. A tseren Boston na Amurka na 2002 an auna jinin mutum 488, aka sami 13 cikin kowane 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa. Saboda haka ƙa'idar ita ce a sha idan an ji ƙishirwa, kaɗan-kaɗan, a kuma haɗa da abinci. Ruwan gishiri da sukari da iyaye mata suka sani na gudawa yana da amfani a nan: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kunu, koko, fura, dabino, ayaba, dafaffen dankali da ɗan gishiri, duk guzuri ne mai kyau. Ba sai an sayi lemon gwangwani mai tsada ba.

Jiki yana sabawa da gumi, amma yana bukatar kwana 10 zuwa 14 ana fita kullum, ana ƙarawa sannu a hankali. A cikin waɗannan kwanaki jini yana ƙaruwa, zufa tana fara fita da wuri, gishirin da ke cikinta yana raguwa. Wannan gargaɗi ne ga ɗalibi ko ma'aikacin da ya dawo daga birni, ya ce yau-yau sai ya kama kunya ɗaya da 'yan'uwansa da suka yi wata guda suna noma. Haka nan wanda zazzaɓin cizon sauro ko gudawa bai daɗe da sakinsa ba, kada ya shiga tsere ko gayya. Jikinsa da zafi ya tashi tun daga gida.

Sauran dabarun kowa ya san su. A fita da asuba, a rage sauri, a riƙa haɗawa da tafiya. Riga fara, sakakkiya, maras nauyi, da malafa. A shafa man basilin a matsematsi da hammata, domin jiƙaƙƙen tufafi yana saɓule fata. Kada a yi doguwar tafiya da sabon takalmi. Masu sanya rigar leda ko rigar sanyi wai don su rage ƙiba, su sani sun rufe randarsu da leda ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙwaya. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu samari suna shan Tramadol kafin su shiga gona ko fili, wai don kada su gaji. Gajiya ƙararrawa ce da jiki yake kaɗawa. Ƙwayar ba ta kashe wutar, ƙararrawar kawai take kashewa. Su ma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kan tire a kasuwa, suna cutar da ƙoda idan jiki ba ruwa. Duk wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan dogon gudu ko aiki mai tsanani, ya nufi asibiti a ranar. Alama ce naman jiki ya farfashe yana toshe ƙoda.

Idan Mutum Ya Faɗi

Matakin farko shi ne galabaita: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa. Mutum yana cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, kuma aikin ranar ya ƙare ke nan.

Mataki na biyu shi ne bugun zafi, lokacin da zafin jiki ya haura digiri 40 ya taɓa ƙwaƙwalwa. Alamarsa a hankali take. Mutum zai fara tangaɗi kamar mashayi, ya yi surutai, ya kasa faɗin inda yake, ko ya hau faɗa da abokansa ba dalili, ko ya sume. Yana iya kasancewa har lokacin yana zufa, kada wannan ya ruɗi kowa. A ƙauyukanmu da an ga haka sai a ce iska ce ta buge shi, a kewaye shi a toshe masa iska, a aika kiran mai magani. Addu'a ba ta hana zuba ruwa. A yi duka biyun.

Rabin awar farko ita ce rai. A sanyaya shi tukuna, sannan a ɗauke shi. A tuɓe masa kaya a inuwa, a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da ake da shi daga wuya har ƙafa, wasu suna yi masa fifita da faifai ko kwali ba tsayawa. Idan akwai babban baho ko kwami mai ruwan sanyi, a tsoma shi har ƙirji, mutum ɗaya ya riƙe kansa. Idan ana samun ƙanƙara a kusa, a zuba a ruwan, a sa a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, domin ba zazzaɓi ba ne. Ko da ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti mafi kusa, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya, domin ɓarnar ƙoda da hanta takan bayyana ne bayan kwana ɗaya ko biyu.

Maniyyata aikin Hajji su ma wannan bayani ya shafe su. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ne ba inuwa ba wurin hutawa. Wanda ya biya kujera daga Kiru ko Bebeji, musamman dattijo ko mai hawan jini ko ciwon sukari, ya fara taka ƙafa da safe tun makonni kafin tashi, ya kuma sa laima da gorar ruwa a cikin jakarsa ta hannu.