Tayar Hunturu: Yadda Ake Zaɓenta A Ƙasashen Ƙanƙara, Da Abin Da Ya Shafi Kasuwarmu

 Yau za mu ɗan ajiye zancen gero da dawa, mu yi bayanin wata haja wadda ba a ƙasarmu ake ƙera ta ba, ba kuma dominmu aka ƙera ta ba, amma ga ta nan jibge a rumfunan masu taya, watau tayar hunturu ta ƙananan motoci. Mu ma'auna ba mu biyan kuɗin buhu sai mun kwance bakinsa mun duba ƙwaya. To, ita ma taya tana da abin dubawa, an kuma rubuta shi a gefenta ɓaro-ɓaro.

Dalilin yin ta

Ku sani, a ƙasashe irin su Finlan, da Suwidin, da Norwe, da Rasha, da Kanada, da arewacin Japan, sanyi yakan kai ruwa ya daskare bisa hanya, dusar ƙanƙara kuma ta rufe kwalta wata da watanni. Roba kuwa halinta ɗaya da man shanu, sanyi ya sa ta sandare, zafi ya sa ta saki. Masu ƙera taya sun ce da zarar ma'aunin zafi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar tayar da aka saba da ita sai ta fara tauri, ta daina kama hanya sosai. Direba ya taka burki, mota ta ci gaba da tafiya abinta.

Saboda haka aka yi wa tayar hunturu dabara uku. Ta farko, an kwaɓa robarta da laushi, an haɗa da wani farin gari da ake samu daga yashi, sunansa silika, don kada ta sandare. Ta biyu, an zurfafa zanenta, domin dusar ƙanƙara ta cika ramukan ta manne da 'yar'uwarta da ke ƙasa. Ta uku, an yi mata ɗaruruwan ƙananan tsage-tsage kamar shasshawar wanzami, su ne ke buɗewa su ciji ƙanƙara idan taya ta juya.

Wani kamfanin roba na Finlan, wanda a yau ake kira Nokian, shi ya fara fito da tayar hunturu a 1934 domin manyan motoci. A 1936 ya fito da ta ƙananan motoci mai suna Hakkapeliitta, har gobe kuwa ana sayar da taya da wannan suna.

Iri huɗu ne

Akwai mai ƙusoshi, wadda aka dasa wa 'yan ƙarafa a fuskarta. Bisa ƙanƙara mai santsi babu kamarta, sai dai tana kankare kwalta ta ta da ƙura. Jamus ta hana ta tun 1975. Japan ta yi dokar hana ta a 1990, bayan ƙura ta addabi birane irin su Sendai da Sapporo. A birnin Oslo na Norwe ba a hana ba, amma mai ita sai ya biya kuɗin shiga gari.

Akwai mai laushi ƙwarai marar ƙusa, ta ƙasashen da ƙanƙara ke kwana ta wuni ba ta narke ba.

Akwai ta tsakiyar Turai, irin ta Jamus da Faransa, inda hunturu ya fi yawa da ruwa da caɓi, direbobi kuma suna gudu a manyan hanyoyi. Ita ba ta kai waccan laushi ba.

Sa'an nan akwai 'yar raba-daidai, wadda ake bari a mota shekara duka. Tana yi wa mazaunin birnin da ƙanƙara ba ta cika sauka ba, amma a tsananin sanyi ba ta kai ta hunturu ba, a tsananin zafi kuma ba ta kai ta bazara ba.

Tambayar farko ke nan da mai saye ke yi wa kansa a can: wace irin hanya nake bi kullum? Daidai da manomi, sai ya san ƙasar gonarsa kafin ya zaɓi iri. Ba a kai masakwa jigawa.

Hukuma ma ta sa hannu

A can ba ganin dama ba ne. A lardin Kebek na Kanada dokar ta fara aiki a 2008, yanzu kuwa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole ƙaramar mota ta sa tayar hunturu. A Ostiriya daga 1 ga Nuwamba ne zuwa 15 ga Afrilu, muddin akwai ƙanƙara a hanya. A Suwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, bisa wannan sharaɗi. Jamus ba ta yanka rana ba, ta ce dai duk ranar da hanya ta yi ƙanƙara, wanda aka kama ba shi da ita zai biya tarar Yuro 60. Su Jamusawa a al'adarsu daga Oktoba suke sa ta, su cire da bikin Ista.

Abu biyar da mai hankali ke dubawa

Na farko alama. Da can haruffan M+S ake nema, ma'anarsu taɓo da dusar ƙanƙara, amma kamfani ne ke buga su bisa ganin siffar zane, ba tare da jarrabawa ba. A 1999 aka fito da sabuwar alama a Amurka da Kanada: hoton dutse mai kawuna uku, da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Ba a buga ta sai taya ta ci jarrabawa bisa dusar ƙanƙara. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 Jamus ba ta lissafa taya a matsayin ta hunturu sai da wannan dutsen.

Na biyu girma da ƙarfi. A ce an rubuta 205/55 R16 91H. Lamba 205 faɗin taya ne da milimita. 55 na nufin tsayin gefenta kashi 55 ne cikin 100 na faɗin. 16 girman wili ne da inci. 91 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615, huɗu ke nan kilo 2,460, har da nauyin motar kanta da direba. H kuwa iyakar gudunta, kilomita 210 a awa. Idan T ne 190, idan Q ne 160. Abin da kamfanin mota ya rubuta a littafinta ko a jikin ƙofar direba shi ake bi.

Na uku shekaru. Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyu na mako, biyu na shekara. Idan ka ga 3219, an ƙera ta a mako na 32 cikin 2019. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, kamar yadda tsohon hatsi ke rage auki a rumbu. Kamfanin Michelin ya ba da shawara a riƙa kai taya dubawa kowace shekara in ta yi shekara 5 tana aiki, in ta cika 10 kuwa a cire ta ko da zanenta bai goge ba.

Na huɗu zurfin zane. Sabuwa takan zo da wajen milimita 8. Dokar Turai ta yarda a hau taya har zanenta ya rage 1.6, amma ga ta hunturu Suwidin da Finlan sun ce 3, Ostiriya ta ce 4. Ku riƙe wannan lamba 4, za mu dawo kanta.

Na biyar, huɗu ake sawa gaba ɗaya. Mai ƙwauron da ya sa biyu a gaba kawai, in ya zo kwana gaban mota zai kama hanya, baya ya zame, motar ta juyo ta dubi inda ta fito.

Wani zai ce ai an ninka wa mutum kashe kuɗi. Ba haka lissafin yake ba. Yayin da huɗu ke aiki, huɗu na hutawa, saboda haka kowace tana daɗewa. Akwai ma shagunan da ke ajiye wa mutum tayoyinsa a wuri mai sanyi da duhu har lokacinsu ya zagayo, ya biya ladan ajiya. Wanda ke da ɗa ko ƙane da ke zaune a waɗancan ƙasashe, ya gaya masa kada ya yi tsimi a nan, kada kuma ya jira ƙanƙarar farko, gama ranar nan layi yake tsawo a gareji.

Inda zancen ya zo gida

To, Bature ya ga zanen tayarsa ya sauko milimita 4, ko ta tsufa, ya cire ya sa sabuwa. Ina tsohuwar ta nufa? Wasu a niƙe su, wasu a ƙona a masana'antar siminti, wasu kuwa a loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Lome da Ikko. Su ne muke kira 'yan Beljiyam. Wasu kuma a jikin motocin gwanjo suke isowa. Kwastan ta Nijeriya ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin kayan da aka hana shigowa da su, amma kowa ya san ba su yanke a kasuwa ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikko a 2008, sai dogaro ga tayar waje ya daɗa ƙaruwa.

Ga inda tarkon yake. Tayar hunturu ta fi sauran kyan gani a cikin tsibi. Zanenta na da zurfi, tsage-tsagenta na da yawa, in ka danna da yatsa ka ji laushi. Wanda bai sani ba ita zai fara ɗauka, yana cewa ya yi tsintuwa. Alhali kuwa laushin nan da ke ceton rai a Finlan shi ne aibinta a hanyar Kano zuwa Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a inuwa, balle bisa kwalta. Robar sai ta ƙara saki, ta cinye da wuri, mota ta riƙa lilo a kwana, burki ya yi nisa kafin ya tsai da ita, mai ma ya ƙara tafiya. In aka haɗa da tsufa, da ƙarancin iska, da buhunan masara da aka danna har but ba ya rufuwa, to, an gayyato fashewa. Arha ba ta ado, in ji masu magana, a nan kuwa ba ado kaɗai ake rasawa ba.

Kada kuma wani ya ce ai mu ma muna da hunturu. Sanyinmu na asuba ne, kafin azahar rana ta buɗe kwalta ta ɗau zafi. Ko a Jos ba ya kai inda wannan taya za ta yi amfani.

Yadda za ku gane ta

Ku juya gefenta ku nemi dutsen nan mai kawuna uku. In kun gan shi tare da kalmomi irin su Winter, ko Snow, ko Ice, ko Studless, ko sunaye irin su Blizzak, da Alpin, da Hakkapeliitta, to, ta hunturu ce. In kun ga ƙananan ramuka zagayayyu a jere bisa fuskarta, gurbin ƙusoshi ne. Amma haruffan M+S su kaɗai ba hujja ba ne, domin tayoyin jif da a-kori-kura da yawa suna ɗauke da su, kuma suna aiki lafiya a nan. Inda kuka ga kalmar Temperature da harafi a gabanta, A ta fi jure zafi, sai B, sai C. Bayan haka ku karanta lambar shekara, ku sa mai faci ya leƙa cikinta ko akwai tsohon faci, ya duba gefe ko akwai kumburi ko tsattsagewa.

Ku kuma dillalan mota, in an kawo mota daga Kanada ko Jamus da irin wannan taya, ku sa kuɗin canza huɗun cikin lissafi tun kafin a yi sallama, ku faɗa wa mai saye gaskiya. La'adar rana ɗaya ba ta kai abokin ciniki na shekara ashirin ba. Motar nan dai ita ce za ta ɗauko mu ranar kasuwa, ita za ta kai iyalinmu biki, ba mu kuma san wanda zai zauna a cikinta ba ranar da tayar za ta gaza.

Iyakar bayaninmu ke nan. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa. Wasalam.