Hotunan Wasan Shata da Masu Farautarsu

Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, ya bar waƙoƙi masu ɗimbin yawa a faifai da kaset, amma bidiyon cikakken wasansa, tun daga ɗaura kalangu har watsewar taro, ya yi ƙaranci a hannun jama'a, kuma shi ne abin da masu tara kayan tarihin waƙa suka fi nema.

Ƙarancin yana da dalili. Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, aka kafa hukumar NTA a 1977, sai dai a wancan zamani kaset ɗin ɗaukar hoto yana da tsada, har ya zama al'ada a gidajen talabijin na duniya, ciki har da BBC, a goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. Abin da ya tsira kuwa zafi da danshi suna cinsa, ga shi na'urorin da ke kunna U-matic, wato babban kaset ɗin da ma'aikatan talabijin suke aiki da shi, sun kusa ɓacewa.

Darajar irin wannan hoto ta samo asali ne daga yanayin waƙar kanta, domin Shata ba ya rera waƙa daga rubutu, yana ƙara baiti ko ya sauya shi gwargwadon mutanen da ke gabansa, saboda haka waƙarsa ta Bakandamiya da aka ɗauka a wani dare ba ita ce ta wani daren ba. Bidiyo kuma yana nuna abin da kunne ba ya kamawa: yadda makaɗi yake matse tsarkiyar kalangu a hammata don sauya sauti, da yadda 'yan amshi suke jiran ishara, da fuskar wanda ake wasawa lokacin da ya taso yin kyauta.

Mai tarawa na gaskiya yana tambayar kwafi na nawa ne, tun da kowane kwafin VHS yana fitowa a dushe fiye da wanda aka kwafo shi daga gare shi, kuma ba ya ɗaukar gutsattsarin da ke yawo a YouTube da muhimmanci, saboda yawancinsu an yanke musu farko da ƙarshe, ba wuri ba shekara. Don nuna cewa abin da ya ɓace yana iya dawowa, masu wannan nema suna kafa hujja da fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda aka daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka gano shi a Legas, aka gyara shi, aka nuna shi a Balin a 2018.