Yadda tassa ta raya fako a ƙasar Illela

A shekarar 1989, wasu manoman ƙasar Illela sun tafi Yatanga, cikin Burkina Faso, da taimakon FIDA. Can suka ga ana haƙa ramu a fako, ana zuba taki, ruwan sama yana tsayawa ciki. Da suka komo gida, suka gwada.

A 1990 damana ba ta yi kyau ba, amma gonakin tassa sun ba da hatsi. Maƙwabci ya gani da idonsa, ya sa rai, shi ma ya shiga haƙa. Ba a tilasta ma kowa ba. Zuwa 1998 an raya wajen eka 9.000.

Fakon da aka raina ya yi daraja, har saye ake yi. Samarin Badagishiri da kewaye suka samu aikin haƙa tassa da rani, ana biyansu.