BATIRIN JIRGIN RUWA BA YA MUTUWA BANZA: A AUNA TUKUNA KAFIN A SAYI SABO

Tun daga shekarar 1968, sa'ad da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji, ruwan Kwara ya taru ya zama babban tafki wanda ya miƙe har wajen Yawuri, sana'ar fito ta sāke kama. Nisan da dā Sarkawa suke ci da gora da filafili ya ƙaru ainun, don haka inji mai ratayawa a bayan jirgi ya zama abin dogaro. Haka al'amarin yake a Lakwaja inda Kwara ta haɗu da Binuwai, da Baga a bakin Tafkin Chadi, har zuwa ruwayen Ikko da Fatakwal.

Ƙananan injuna da igiya ake tayar da su, yawancinsu ba su da batir. Amma manyan da ke jan jiragen fasinja da na kaya da makulli ake tayar da su, kuma daga batir fitilar jirgi take samun wuta, haka ma famfon kwashe ruwa. Direban mota idan batirinsa ya mutu sai ya sauka ya nemi masu turi. Matuƙin jirgi kuwa ba shi da mai tura shi a tsakiyar tafki, ga iska, ga magariba ta gabato, ga rayukan bayin Allah a hannunsa.

Abin da aka saba gani shi ne, da batir ya yi sanyi sai mai jirgi ya ɗora masa laifi, ya sayo sabo. Bayan 'yan kwanaki sabon ma ya kwanta. Ruwa dai ba ya tsami banza. Batir kamar randa yake, in ba a zuba masa ba, ba abin da za a ɗiba. Saboda haka tambayar farko ita ce, shin injin yana zuba masa wuta, ko kuwa hanyar ta yanke a wani wuri?

YADDA INJI YAKE YIN CAJI

A can saman inji akwai wani babban faifan ƙarfe mai juyawa, wanda makanikai suke kira fulawil, cikinsa kuwa an jera maganaɗisu. A ƙarƙashinsa akwai naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe, watau kwayil, waɗanda ba sa motsi. Idan maganaɗisun nan ya riƙa wucewa ta kansu sai lantarki ya samu. To, amma lantarkin mai kai da komowa ne, batir kuwa ba ya karɓar irinsa. Don haka aka sa wani ɗan akwati mai suna rektifaya, wanda yake tilasta wa wutar ta bi hanya ɗaya tak. A manyan injuna ana haɗa shi da ragileta, mai hana wutar wuce kima.

Akwai wani abu mai ruɗin mutane a nan. A yawancin injuna irin na dā masu cin fetur gauraye da baƙin mai, kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta daban yake da na caji. Saboda haka inji yana iya gudu lafiya lau alhali caji ya daɗe da tsayawa, ba za a farga ba sai an kashe shi a wani mashigi an zo tayarwa. Injunan zamani masu fesa mai da na'ura kuwa sun dogara da batir, in wutarsa ta yi ƙasa suna iya mutuwa ana cikin tafiya.

AWON FARKO

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kayan gwajin kuwa 'yar mita ce ta awon lantarki, irin ta masu gyaran rediyo, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na batir ba. Ana auna ƙarfin wuta da ma'aunin da ake kira bolt. Batir mai gida shida, idan ya cika kuma ya huta, zai nuna wajen 12.6. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi, idan ya gaza 12 kuwa ya kusa ƙarewa, sai a fara yi masa caji a tudu kafin a ci gaba.

Daga nan sai a tayar da inji, amma fa ƙafarsa tana cikin ruwa, domin gudu a busasshe yana ƙona famfon da ke sanyaya shi cikin ɗan lokaci kaɗan. A ƙara masa wuta zuwa matsakaicin gudu, a sake aunawa a kan batir. Lafiyayyen caji yakan nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Idan lambar ta tsaya inda take, ko tana raguwa, caji ba ya isowa. Idan ta haura 15 a inji mai ragileta, to, ragiletar ta lalace, batir zai yi zafi, ruwansa ya riƙa ƙafewa. A jirgin da ke da agogon nuna juyin inji, allurarsa takan yi tsalle ko ta kwanta sa'ad da rektifaya ya mutu, gama a injuna da yawa daga wayoyin caji take samun saƙo.

DAGA MAI ARAHA ZUWA MAI TSADA

Makanikin ƙwarai daga kan batir yake farawa, ba daga cikin inji ba. Jirgi kullum cikin jijjiga da laima yake, kawunan batir sukan yi tsatsa fara ko kore, noti kuma ya saki. Masu aiki a ruwan gishiri na bakin teku sun fi kowa shan wannan wahala. A kankare kawunan har su yi ƙyalli, a ɗaure da sifana, kada a dogara da noti mai fiffike wanda ake murɗawa da yatsa. A duba fis, a bi waya ana lanƙwasa ta, domin takan ruɓe a cikin robarta ba a gani. Idan awon da aka yi a jikin inji ya fi na kan batir da abin da ya wuce rabin bolt, laifin na waya ne ko mahaɗa.

In waɗannan duka lafiya suke, sai a kashe inji, a cire batir, a koma kan kwayil. A zare wayoyinsa daga rektifaya a auna tsakaninsu, a gwada da lambar da ke cikin littafin injin, domin kowane iri da tasa. Bai kamata wuta ta sami hanya daga wayoyin nan zuwa gangar jikin inji ba. Kwayil da ya ƙone yakan yi baƙi, ya yi ƙauri. In ana bukatar ɗaga fulawil, da abin zaro shi na musamman ake yi, ba da guduma ba, don duka yana fasa maganaɗisu ko ya kwance shi.

Idan kwayil ya fita zargi, saura rektifaya. Ƙofofin da ke cikinsa hanya ɗaya suke barin wuta ta bi. Wadda mita ta nuna tana buɗe ta kowane gefe, ko tana rufe ta kowane gefe, ta mutu. Ba a gyara shi, sai dai a sa wani daidai da lambar injin.

ABIN DA KE KASHE SHI

Sauya rektifaya ba tare da gano abin da ya kashe shi ba asarar kuɗi ce, gama sabon ma zai bi sahun tsohon. Abubuwa uku ne suka fi yi masa illa. Na farko, juya kawunan batir, a sa jar waya a mazaunin baƙa, ko da na ƙiftawar ido ne. Na biyu, sakakken noti mai sa wuta ta riƙa yankewa tana dawowa. Na uku kuwa wata mummunar al'ada ce da aka ɗauko daga garejin mota, watau zare kan batir inji yana gudu wai don a ga ko yana caji. Wannan gwaji da kansa yake haddasa ciwon da ake nema. Har ila yau a guji goga waya don ganin tartsatsi, saboda batir yana fitar da iska mai kama wuta, ga kuma tankin fetur a kusa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 kuma hedkwatarta take Lakwaja, ta hana tafiyar dare. Amma jirgin da injinsa ya ƙi tashi da la'asar, dare zai riske shi a ruwa ko da matuƙinsa bai yi niyya ba, kuma babu fitilar da zai nuna wa wani jirgi inda yake. Don haka ya kamata kowane mai jirgi ya ajiye mita, da fis na ko-ta-kwana, da igiyar tayarwa in injinsa yana da wurinta, da filafili, da rigunan ruwa. Shugabannin masu fito kuma su sa awon batir ya zama al'ada a kowace tasha kafin a ɗauki fasinja. Aikin minti biyar ne, rigakafi kuwa ya fi magani.